Makonnin da Aka Rufe Ɗakin Kaki

Litinin, 4 ga Agusta, bayan la'asar

Na ji shi. Dakta Vera ta ɗora na'urar jin bugun zuciya a marata tana ta lalube, ni kuma na runtse ido ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Can sai ga shi, dif-dif-dif, da sauri kamar ɗan akuya ya samu fili. Ta ce, "Rekiya, buɗe ido mana. Ni kaɗai za ki bar wa daɗin?"

Sau biyu ina zuwa daidai wannan gaɓar sai a tsaya. Wannan karon an wuce. Inna ta ce abin da bai iso ba ba a yawan kiran sunansa, don haka ko a nan ba zan kira ba.

Maigidana, Malam Abdulrauf, yana jirana a waje a kan babur. Da ya ga fuskata bai tambaye ni komai ba, sai ya cire hula ya mayar, ya sake cirewa. Daga asibiti zuwa gidanmu a Bukan Sidi ya yi ta rarrafe da ni, har wata tsohuwa mai tallan dafaffiyar gyaɗa ta kusa wuce mu a ƙafa. Na ce, "Malam, ƙwai ka ɗauko ne?" Ya ce, "Ai gara ƙwai, shi ana sayar da shi a kasuwa."

Daga shi sai Inna a Shabu suka sani. Ko Mnena ban gaya wa ba, alhali shekara huɗu ke nan muna aiki a lab ɗaya, ɗakin gwaje-gwajen asibiti, muna cin abinci a kwano ɗaya.

Talata, 5 ga Agusta, da azahar

Mnena ta kawo yadin ankon bikinta, kore mai ratsin ruwan zinare. Farkon Oktoba za a ɗaura musu aure da Jerome a coci. Ta jefo mini nawa a kan tebur ta ce, "Sista Rekiya, kai ka gaya wa tela ya ɗinka babba-babba. Tela na yanzu yana cin yadi."

Hausar Mnena ba ta san "ke" ba. Ni kai ce, Dakta Vera kai ce, uwar Jerome ma kai ce. Na gaji da gyara mata, yanzu har ni ma nakan kama bakina ina yi.

Yau ni ce a teburin jini, ita tana ɗakin kaki. Kusan wata biyu ke nan haka muke. Da can sati-sati muke musanyawa, sai rana ɗaya ta ce ganin jini ya fara sa ta jiri, in bar mata kaki. Na ji daɗi ƙwarai, don warin maganin goge tebur na ɗakin nan yana tayar mini da zuciya. Ta gilashin ƙofa ina hango ta zaune gaban kabinet, hannuwanta a ciki, tana rera waƙar coci cikin takunkumi.

Gobe injiniya zai zo duba kabinet ɗin, kamar yadda ake yi duk shekara.

Laraba, 6 ga Agusta, bayan isha'i

Ban san ta inda zan fara ba. Bari in fara da abin da na sani.

Kabinet akwatin ƙarfe ne mai gilashi a gaba. A cikinsa muke buɗe kwalaben kakin masu tari, don a gano ko tarin fuka ne. Aikinsa ɗaya ne: ya zuƙe iska daga wajen mai aiki zuwa ciki, ya tace ta, fankar da ke saman rufi ta ja ta waje ta bututu. Muddin yana ja, abin da ke cikin kwalba ba ya isowa hancinka.

Injiniya Aondona ya zo daga Makurdi da jakarsa. Mutum ne mai barkwanci, tun daga ƙofa yake tsokanar Mnena da yarensu. Ya kunna kabinet, ya yi ƙugi kamar kullum, koren fitilarsa ta kama kamar kullum. Ya fito da ɗan bututunsa mai fitar da farin hayaƙi, ya kai bakin gilashin. Kamata ya yi hayaƙin ya shige ciki.

Sai hayaƙin ya tsaya yana lilo, sannan ya juyo ya nufi fuskar Injiniya.

Ya sake. Ya sake. Dariyar ta ɗauke. Ya ce, "Kowa ya fita." Ya hau rufi ya daɗe. Da ya sauko, Oga Muntaka, shugaban lab ɗinmu, ya tare shi ya ce, "Tun yaushe?"

Ya ce, "Oga, ƙarya zan yi in na ce na sani."

An sa kwaɗo a ɗakin kaki.

Alhamis, 7 ga Agusta, da asuba

Ban yi tari ba.

Alhamis, da yamma

Kowa da nasa bayanin. Masu gadi sun ce guguwar farkon damina ce ta lanƙwasa hular bututun. Oga ya ce ranar da wuta ta dawo da ƙarfi ne fankar rufi ta ƙone. Wani ya ce ai ƙararrawar ta taɓa yin kuka, wani ya ce bai taɓa ji ba. An yi taro a ofishin sama, ba a kira mu ba. Abin da aka gaya mana kawai, duk wanda ya shiga ɗakin nan tun watan Afrilu za a duba shi.

Na gaya wa Malam ina yanka kuɓewa, don kada in kalle shi. Ya ce, "Yaushe rabonki da ɗakin?"

"Wata biyu."

"Kafin nan fa?"

Na ce miƙo mini gishiri. Gishirin garin Awe ne da Inna ta aiko, kuma yanzu in ba shi na barbaɗa wa ɗanyen yalo ba abinci ba ya zama. Ya miƙo, ya zauna yana kallona na cinye yalo biyar. Ya ce, "Wannan baƙon namu da alama manomi ne."

Na yi dariya har na ƙware. Ya miƙe zumbur. Na ce, "Ƙwarewa ce, Malam. Yalo ne."

Asabar, 9 ga Agusta, da hantsi

Sabuwar doya ta shigo kasuwa. Na yi sakwara da miyar agushi, na ci, na ƙara, na kwanta a tabarma ina jin ruwa a kan kwano. Wallahi ina cikin farin ciki. Kunya nake ji in rubuta haka a wannan makon, amma gaskiya ce.

Ban yi tari ba.

Litinin, 11 ga Agusta, bayan azahar

Mnena ta yi tari a gabana. Ta ce mura ce, ruwa ya dake ta a kan okada ranar Lahadi. Sai Oga Muntaka ya ce shi tun makon jiya yake jin ta tana yi. Ta ce, "Oga, kai kana ƙirga tarin mutane ne?" Muka yi dariya mu uku, ba wanda ya kalli wani.

An ce ta zauna a gida.

Talata, 12 ga Agusta, da yamma

Hoton ƙirji. Na tsaya a ƙofar ɗakin na ƙi shiga. Ni da nake ma'aikaciyar lab, na san ba abin tsoro ba ne, amma ƙafata ta ƙi. Dakta Vera ta zo da kanta ta ɗaura mini rigar dalma mai nauyi a ƙugu, ta ja ta da kyau ta rufe ko'ina. Ta ce, "Shi ba ya cikin hoton nan. Ja numfashi ki riƙe."

Nawa fes.

Na Mnena akwai 'yar inuwa a sama ta dama. Gwajin gaggawa na kakinta bai nuna komai ba, amma saboda inuwar Dakta ta ce ba za ta saki jiki ba. An aika kakin babban lab a wani gari, inda za a shuka shi a ga ko wani abu zai tsiro. Mako shida ake jira. Ni na san haka, ni nake gaya wa marasa lafiya haka kullum, "Baba, ka yi haƙuri, mako shida ne kawai." Ashe "kawai" ɗin nan ba ta da kunya.

Alhamis, 14 ga Agusta, bayan magariba

Na kira Mnena. Ta ɗauka tana tauna wani abu.

"Sista Rekiya, kai ka kai ɗinki?"

"Mnena, yaya jikin?"

"Jiki yana nan. Dakta ya ba ni magani babba kamar ƙwallon dabino. Ka kai ɗinki ko ba ka kai ba?"

Na ce zan zo in gan ta. Muryarta ta canja. "Abeg, kada ka zo. In ka zo zan kulle ƙofa." Ta kashe waya.

Na ji haushi. Me na yi mata?

Lahadi, 17 ga Agusta, da la'asar

Mun je Shabu. Inna ta dube ni tun daga zaure ta ce da yarenmu na Gwandara, "Kin yi haske." Ta hana ni ɗaga ko buta. Ta zaunar da ni ƙarƙashin mangwaro, ta gasa mini masara, ta yi ta ba ni labarin lokacin da take ɗauke da ni, wai ƙasar bangon ɗaki take ɓantara tana ci a ɓoye har Baba ya zaci gara ce ta shigo gida.

Ban gaya mata zancen lab ba. Ta ce, "Ina ƙawar nan taki mai surutu?" Na ce tana shirin biki.

Laraba, 20 ga Agusta, da safe

Lab ya yi shiru. Ni kaɗai a teburin jini, kakin marasa lafiya kuma mota ke kwasa zuwa wani asibiti. Injiniya ya ce sai an yi odar sabuwar fanka da sabuwar matata daga Legas.

Ban yi tari ba. Siket ɗina ya daina rufuwa, da fil na kama shi.

Asabar, 23 ga Agusta, bayan la'asar

Na yi wa Mnena farfesun kaza da citta da yawa. Malam ya kai ni har bakin layinsu a hanyar Makurdi, na kira Jerome ya fito ya karɓa. Ya rame. Ya ce mutanen gidansu sun ji ƙishin-ƙishin, wata gwaggonsa ta ce a ɗaga bikin har a ga abin da hali zai yi. Na ce shi me ya ce?

"Na ce musu ko a gadon asibiti ne, fasto ya san hanya."

Sai na yi masa ƙorafi. Na ce ta hana ni zuwa, kamar ba ni ba.

Ya dube ni, ya sunkuyar da kai. "Aunty, ba ki gane ba? Saboda me ta karɓi ɗakin tun farko?"

Na ce jini ke sa ta jiri.

Ya yi wata 'yar dariya. "Mnena? Wadda take yanka akuya da kanta ranar Kirsimeti?" Ya ce wata rana a watan Yuni ta dawo ta gaya masa ta gan ni na fita da gudu na durƙusa bayan janareta. Ta ce masa ta san wannan aman, kuma tana nan lokacin ɓarin farko, tana nan lokacin na biyu, wannan karon ba za ta bari ko warin ɗakin nan ya taɓa ni ba.

"Ta ce in na gaya miki za ta fasa aurena. Don Allah ki rufa mini asiri."

Ban san yadda na koma wajen babur ba. Malam ya ga fuskata ya ce, "Wani abu ya faru?" Na ce a'a. Na kifa goshina a bayansa har gida, rigarsa ta jiƙe.

Lahadi, 24 ga Agusta, da asuba

Kujerar da ta zauna a kai gaban kabinet ɗin, tawa ce. Satina ne, rabin waɗannan makonnin.

Alhamis, 28 ga Agusta, da yamma

Na kai ɗinki. Na ce wa tela ya yi babba. Ya auna ni, ya yi murmushi, ya ƙara da kansa.

Yanzu kullum bayan magariba muna waya da Mnena. Ba na ce mata na sani ba, ita ma ba ta ce ta sani ba. Muna zancen kalar ɗankwali, da ko za a yi jalof ko soyayyiyar shinkafa, da gwaggon Jerome wadda Mnena ta laƙaba wa suna "Ministan Lafiya". Ina sauraron tarin a tsakanin maganarta. Jiya sau ɗaya na ji.

Talata, 2 ga Satumba, da hantsi

Ina cikin ɗiban jinin wani tsoho sai na ji wani abu can ƙasa, kamar ƙaramin kifi ya juya cikin kwarya. Na tsaya cak da sirinji a hannu. Tsohon ya ce, "'Yata, lafiya?" Na ce, "Lafiya lau, Baba. Lafiya ƙalau." Ya ce bai taɓa ganin wanda ke murna da jinin mutane haka ba.

Juma'a, 5 ga Satumba, bayan isha'i

Malam ya sa hannu a cikina ya jira. Shiru. Ya yi sallama. Shiru. Ya karanta Fatiha. Shiru. Yana cire hannu ya tafi ɗauko ruwa, sai ga motsi. Na ƙwala masa kira, ya dawo a guje har ya yi tuntuɓe da buta. Shiru.

Ya ce, "Ni malamin makaranta ne, na san irinsu. Sai ka juya baya suke wasa."

Laraba, 10 ga Satumba, da azahar

An sake yi wa Mnena hoto. Inuwar ta tafi. Dakta Vera ta ce alama ce mai kyau, wataƙila sanyin ƙirji ne kawai maganin ya kashe, amma ita sai ta ga sakamakon shuka.

Ban yi tari ba. Mnena ma jiya ba ta yi ba, har muka gama waya.

Litinin, 15 ga Satumba, da yamma

Kayan sun iso. Injiniya Aondona ya kwana biyu yana aiki, ya turara ɗakin da magani, ya canja matata, ya hau rufi ya sauko ba adadi. Ya sa sabuwar ƙararrawa wadda ke jin fankar rufi kai tsaye. Ya gwada mana ita, ya kashe fankar da gangan. Ƙarar ta sa mai shara ta yar da tsintsiya ta yi waje.

Sannan hayaƙi. Ni daga bakin ƙofa na tsaya, Oga ya ce kada in wuce nan, kuma bai faɗi dalili ba. Ashe shi ma yana da ido. Farin hayaƙin ya miƙe siriri ya shige ƙarƙashin gilashi kamar ana jan zare. Injiniya ya bi bakin gilashin da shi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ko ɗigo bai dawo ba.

Oga ya manna ɗan ƙyalle a bakin kabinet ɗin, ya ce daga yau ba mai buɗe kwalba sai ya ga ƙyallen nan ya karkata ciki, ko fitila ta yi kore ko ta yi shuɗi. Na tambayi Injiniya a gefe me ya gani a rufi ranar nan. Ya ce, "Madam, na rubuta wa na sama. Ke dai ki ci abinci."

Har yau ba a gaya mana ba.

Asabar, 20 ga Satumba

Ba labari. Malam ya sake gwadawa. An ƙi shi.

Talata, 23 ga Satumba, da hantsi

Babu abin da ya tsiro.

Babu! Oga ne ya shigo da waya a kunne yana ɗaga hannu sama kamar mai kiran sallah. Na zauna a ƙasa, a kan tayil ɗin lab, da farar rigata. Mai shara ta yi guɗa, marasa lafiya da ke layi suka leƙo suna tambaya ko haihuwa aka yi.

Dakta ta ce duk da haka Mnena za ta sha maganin rigakafi na wata uku, saboda daɗewar da ta yi gaban kabinet ɗin. Ni kuma za ta ci gaba da duba ni kowane wata, sauran magana sai bayan na sauka.

Alhamis, 25 ga Satumba, bayan magariba

Mnena a waya: "Sista Rekiya, wannan magani ya mai da fitsarina kamar manja. Dakta ya ce hawaye ma zai iya yin ja. In na yi kuka ranar biki, farin riga ya lalace."

Na ce to kada ki yi kuka.

"Ministan Lafiya ya zo jiya da doya goma. Ya ce shi tun farko ya san ba komai."

Na yi dariya har Malam ya leƙo daga tsakar gida.

Asabar, 27 ga Satumba, bayan la'asar

Na je gidan su Mnena. Wannan karon ƙofa a buɗe take.

Ta rame kaɗan, amma bakin yana nan. Ɗakin cike da kwalaye da ƙannenta mata suna ƙulla kayan rabon biki. Ta kore su waje. Muka tsaya muna kallon juna kamar baƙi. Rabona da ita kusan mako bakwai, kuma yanzu babu mayafin da zai iya ɓoye ni.

Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Kai ka ci doya da yawa."

Na shirya magana tun daga gida. A kan babur ma ina ta maimaitawa. Na ce, "Mnena, zancen jirin nan da kika ce jini yana sa ki..."

"Yana sa ni."

"Mnena."

"Wallahi yana sa ni. Jerome ne ko? Zan kashe shi kafin biki." Ta juya tana gyara kwalin da ba ya bukatar gyara. "Ni ban san kabinet ya lalace ba, Sista. Kada ka mai da ni wani abu. Wari kawai na ce kada ya dame ka."

"Da kin sani fa?"

Ta ɗaga kafaɗa. "Da na sa takunkumi biyu."

Duk maganar da na shirya ta gudu. Na zauna a bakin gado, ta zauna kusa da ni. Daidai nan aka motsa, da ƙarfi, irin wanda ban taɓa ji ba. Ban yi tunani ba, na cafko hannunta na ɗora.

Muka jira. Na ce a raina, yanzu zai yi mata irin ta Malam.

Sai ya harba. Daidai tsakiyar tafin hannunta. Ya ƙara.

Mnena ta buɗe baki ba ta ce komai ba, abin da ban taɓa gani ba tunda na san ta. Hawaye suka zubo mata. Na leƙa fuskarta da kyau na ce, "Ba su yi ja ba."

Ta ce, "Yi shiru, yana magana da ni."

Da na fito na gaya wa Malam. Ya riƙe kan babur ya daɗe yana kallon ƙofar gidan. Ya ce, "Mako uku ina sallama ba a amsa mini ba."

Na ce ya yi haƙuri.

Ya ce, "A'a, ya yi daidai. Yaron nan ya san wanda ya kamata ya fara gaisarwa. Hau mu tafi."